"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa": a ina ya dace a faɗe ta?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Akwai karin maganar da ta daɗe tana min yawo a rai: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Duk sanda aka yi haɗari a hanyar Zariya zuwa Kano, ita ake fara ji. Ko a ƙarshen watan Mayun 2025, da motar 'yan wasan Kano ta faɗa ƙarƙashin gadar Dakatsalle suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun, aka rasa mutum fiye da 20 alhali saura ƙiris su iso gida, abin da ke bakin kowa ke nan. Allah ya jiƙansu. Shin me magabata suke nufi da ita? Daidai muke amfani da ita kuwa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam Hajiya. Amin. Tsautsayi shi ne abin da ya afka wa mutum ba tare da ya je ya tono shi ba. Bahaushe bai taɓa haɗa shi da ganganci ko sakaci ba, kowanne da gurbinsa. Maganar ta gidan makoki ce. Ana faɗa wa uwar da ke cewa "da na sani da ban bar shi ya yi tafiyar nan ba", don a sauke mata nauyin zargin kanta. Waɗanda suka bar mana ita ai su ne suka ce rigakafi ya fi magani, suka kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Direba: Malam, ka yi bayani, amma ku da ke zaune ba ku san titi ba. Na ga direba mai natsuwa, tayoyinsa sababbi, birkinsa lafiya, yana tafiya a hannunsa, wani ya baro nasa hannun ya zo ya same shi. Wannan me za ka kira shi? Da dare kuma sai ka tarar tirela ta lalace a tsakiyar kwalta, ba fitila, ba alama, sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera a bayanta, su ma iska ta watsar. Kafin idonka ya gane baƙin abin da ke gabanka ka riga ka shige ƙarƙashinta. In ranar ta zo ta zo.

Malamin Hausa: Baba, ga wanda ya shige ƙarƙashin tirelar, tsautsayi ne, ba musu. Ga wanda ya bar ta a can kuma fa?

Tsohon Direba: Wannan kam sakaci ne, ban ƙi ba. Amma a haɗa da fasinja. Ka yi tafiya a hankali, daga baya ka ji ana "direba taka mana, dare zai yi". Mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa da yamma.

Ɗalibar Injiniya: Ina neman izinin manya. Abin da aka koya mana shi ne, titi mai kyau ana gina shi da sanin cewa ɗan Adam zai yi kuskure: zai yi gyangyaɗi, taya za ta fashe. Aikin shingen ƙarfen da ke gefen titi da bakin gada shi ne ya tare motar da ta ƙwace, ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin bugun, ya mayar da ita kan hanya maimakon ta gangara rafi. Kuskuren ɗaya ne, amma a inda akwai shinge a tafi asibiti, a inda babu a tafi maƙabarta. Ku duba da kanku in kun bi hanyar: wurare da yawa sai guntayen turakun, an kwance ƙarfen an sayar wa 'yan jari-bola, ko mota ta buge shi ba a sake mayarwa ba. Tun 2018 aka fara aikin titin Abuja zuwa Kano, kusan kilomita 375, kuma shekara da shekaru ana rufe hannu ɗaya a tura mai zuwa da mai dawowa gaba da gaba a hannu guda. Dokar hanya ma ta ce bas kada ta wuce kilomita 90 a awa a babban titi, tanka da tirela 60. Wa ke bi?

Almajirin Zaure: 'Yar'uwa ta yi gaskiya, kuma addini bai saɓa mata ba. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ya juya da jama'a bai shiga Sham ba saboda annoba. Da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ajali ba ya jinkiri, wannan imaninmu ne. Amma wanda aka ba amanar gyaran gada, tambayarsa daban take.

Ɗan Kura: Ni dai ina roƙon kada a ɗauki wannan muhawara a kai ta wurin zaman makoki. Na rasa ƙanina a hanyar nan, kuma wallahi wannan maganar ce ta riƙe mahaifiyarmu.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙansa ya ba Mama haƙuri, ɗan'uwa. Ba wanda zai ƙwace mata ita. Abin da ke ƙona min rai shi ne in ji ta a bakin kamasho yana cusa mutum na biyu a kujerar gaba, ko a bakin jami'in da ya zo jaje ya tafi, gadar tana nan yadda take. A nan ba lallashi take yi ba, rufe bakin mai tambaya take yi.

Tsohon Direba: To Hajiya, in za a gyara a fara da kasuwar Kwanar Gafan da ke bakin hanyar nan, lokacin tumatir. Kwanduna da motoci har bakin kwalta, yara na tsallakawa da gudu, manyan motoci na tahowa. A matsar da lodin ciki, a sa alamu masu ƙyalli tun daga nesa. Kuma kowa ya ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a wayarsa, don sau da yawa mai rauni yana kwance mutane suna ɗaukar hoto, ba wanda ya kira.