Rini ko shafe? Neman sunan tsohon fim da aka sa wa launi

Jama'a, ku taya ni neman wata kalma. Me za mu kira abin nan da Turawa ke yi wa tsofaffin finafinan baƙi da fari, su bi hoton da kwamfuta su sa masa launi? Wani aboki ya turo mini Night of the Living Dead, fim ɗin ban tsoro da George Romero ya yi a 1968, ya ce ga "mai kala". Sai na ga sunan bai faɗi komai ba. Fim ɗin da aka ɗauka da launinsa tun farko ma mai kala ne. Wannan kuwa sai a 1986 kamfanin Hal Roach ya sa masa launi, har gawawwakin da ke tafiya suka koma kore-kore.

Da farko raina ya kwanta da "rini". Rinannen fim, ga daɗin faɗa. Amma ku tuna yadda ake rini a marinar Kofar Mata: tsoma zane ake yi cikin baba, ya fito da launi guda. To akwai aikin fim da yake haka sak, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin finafinan da ba su da murya, tsoma zaren fim ɗin ake yi cikin ruwan launi. A fim ɗin Nosferatu, na Jamus, 1922, da rana aka ɗauki wurare da dama da ake nufin dare ne, shuɗin rini ne ke gaya wa mai kallo dare ya yi. Idan muka ba aikin kwamfuta wannan kalma, da me za mu kira wancan? A bar masa abinsa.

"Fenti" kuma na bango da mota ne, ban tsaya a kansa ba.

Inda na tsaya shi ne "shafen launi". Kowace uwa ta san bambancin ɗan kunnen zinari da na shafe: ƙarfen daban, abin da aka shafa masa daga baya daban. Haka fim ɗin yake, launin ba jikinsa ba ne. Kuma kalmar tana da wata fuska da ta fi taɓa ni, domin shafewa ma gogewa ce. Tsoron irin waɗannan finafinai a cikin inuwa yake, a baƙin lungun da ido ba ya gani. Jinin da ke fim ɗin Romero ruwan cakulan ne, domin a baƙi da fari ya fi kama da jini. Da aka shafa launi, duhun da aka gina tsoron a kansa ya dushe. Wallahi abin ya dame ni da na gwada su biyun.

Masu sana'ar fim a can ƙasashen Turawa ma ba su yi shiru ba. Bayan Ted Turner, attajirin gidajen talabijin na Amurka, ya sayi rumbun finafinan kamfanin MGM a 1986 ya shiga sa musu launi, har King Kong na 1933 bai tsira ba, masu shirya finafinai suka kai kuka majalisar Amurka. A 1991 babbar kotun Faransa ta ba iyalan daraktan fim John Huston gaskiya a kan fim ɗinsa da aka sa wa launi.

Don haka idan zan tura wa wani, zan rubuta masa: wannan mai shafen launi ne, na asalin yana nan in kana so. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ko kuna da wata kalma da kuke faɗa a can?