Neman shawara: yarona yana shafe kusan awa 4 a motar makaranta kullum

Daga inbox, admin a ɓoye sunana dan Allah

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina zaune a Bronx ne nan New York, ina da yaro ɗan shekara 7 mai larurar otizim, baya magana sosai sai 'yan kalmomi, yawanci da hotuna a tablet yake nuna abin da yake so. Bana aka ba shi makaranta ta musamman a Queens kuma wlh makarantar ba laifi, malamarsa tana da haƙuri, a wata biyu har ya fara cewa ruwa da mama da kansa, abin da na shekara ina roƙon Allah. Matsalata motar ce. Bas tana ɗaukarsa ƙarfe 6:10 na safe alhali sai 8:20 ake shiga aji, shi ne na farkon ɗauka kuma da yamma shi ne na ƙarshen saukewa, a tashe su 2:40 amma sai wajen 4:30 ko 5 nake ganinsa, yanzu da sanyi ya shigo har duhu ya yi. Sau uku a satin nan ya dawo da fitsari a wando, yaron da muka sha wuya kafin ya daina pampas, kuma ya fara cizon bayan hannunsa har ya yi tabo. Da safe in ya hango motar sai ya kwanta a ƙasa yana ihu sai na ɗauke shi cak, ga ni da aikin kula da tsofaffi ƙarfe 8. Na kira kamfanin motar sun ce ba su suke tsara hanya ba, na yi ma makaranta magana sun ce na yi haƙuri za ta daidaita. Babansa ya ce ko dai a cire shi a sa shi ta kusa da gida ko a kai shi wajen Hajiyarsa a gida ya huta. Ni kuma zuciyata bata kwanta da ko ɗaya ba. Wanda ya san hanya dan Allah ya taimaka min.

Maman Ilham
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai je ki ɗauko takardar IEP ɗinsa, wato tsarin karatu na musamman da makaranta ta rubuta masa, ki buɗe wajen shafukan ƙarshe inda aka yi maganar mota, ki gani me aka rubuta. A dokar ƙasar nan ta yara masu buƙata ta musamman, IDEA, mota ba alfarma ba ce, tana cikin hidimomin da ke tafiya tare da karatun, kamar koyon magana. Kuma akwai abin da ake iya rubutawa a ciki wato a taƙaita masa lokacin zama a mota, misali kar ya wuce awa 1. Amma ba da baki ake samu ba. Akwai fom da likitansa zai cike, da wani da ke za ki sa hannu ki yarda likitocin ɓangaren makarantu su duba bayanan lafiyarsa, ki kai makaranta su tura, daga nan a zauna mitin a saka a IEP. Nawa yaron haka muka yi. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kar likita ya rubuta “yana da otizim” kawai ya sa hannu, za su iya ƙi. Ya faɗi abin da doguwar tafiyar take yi masa, fitsarin, cizon hannun, da iya mintocin da zai iya jurewa. Ki ɗauki hoton hannun ki tafi da shi asibiti.

Mai tambaya
Maman Ilham na duba yanzu, an dai rubuta a ɗauke shi a ƙofar gida a dawo da shi, babu maganar lokaci ko kaɗan. Amma sai watan 5 za mu yi mitin na shekara, sai na jira kenan?

Maman Ilham
Wane irin jira kuma! Kina da ikon neman mitin ko yaushe, ki rubuta a imel yau ɗin nan, layi uku ya isa, ki tura ma malamarsa da shugaban makaranta ki ajiye kwafi. Abin da aka faɗa a waya ko a bakin geti iska ce ke ɗauka.

Hajiya Ta Zango
Allah sarki ɗiyata, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ni dai nawa gani, ki dawo da shi kusa. Yaro ƙarami a tashe shi tun asuba, ina amfanin karatun da za a isa a gajiye? Babansa bai yi ƙarya ba a nan. Amma zancen kai shi gida ban goyi baya ba sam, kaka komai son da take masa ba za ta iya abin da malaman nan ke yi ba, kuma kin san mutanenmu, gobe a ce iska ce a fara yawo da shi ana turare.

Ummu Sudais
Hajiya ki yi haƙuri amma ni ban yarda a yi saurin cire shi ba. Irin yaran nan samun malamar da suka saba da ita ba ƙaramin abu ba ne, ni na canza ma 'yata makaranta saboda nisa wlh sai da muka koma baya kusan wata shida, duk abin da ta koya ya zube, ta daina cin abinci a makaranta ma. Kuma ba wai ka ce ina son ta kusa ba ne a ba ka, sai in akwai gurbi a irin ajin da aka rubuta masa, shi ya sa tun farko aka tsallaka da shi Queens ai. Ki fara gyara motar tukuna, in ya gagara sai a yi maganar canji.

Malam Direba
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, shekarata 9 ina tuƙa motar makaranta a garin nan. Baiwar Allah gaskiya kamfanin suka faɗa miki, mu takarda ake miƙo mana da jerin gidaje da makarantu, ba ni da ikon in ce yau zan fara sauke wane. Wani lokacin mota ɗaya yaran makarantu biyu ko uku ne a ciki, in wani direba bai zo ba a haɗa maka hanyarsa a kan taka, ga babbar hanyar Cross Bronx da safe kowa ya san yadda take, ga gada kafin ka shiga Queens. To amma akwai ƙa'ida, yaro mai IEP in a cikin yanki ɗaya ne kar ya wuce minti 90, in zai tsallaka wani yanki kamar naki minti 115. Ki lissafa da kanki, 6:10 zuwa 8:20 ya riga ya wuce, wato tun kafin takardar likita ma kina da abin faɗa. Ki samu littafi ki riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke shi da lokacin da aka sauke shi kullum, ki roƙi malamar ta rubuta miki lokacin isowarsa. Duk ranar da aka wuce ki kira layin OPT, ofishin da ke kula da motocin 'yan makaranta, ko 311, layin kai ƙorafi na birnin nan, kuma kar ki ajiye waya sai sun ba ki lambar ƙorafi. Lambobin nan su ne shaidarki ranar mitin. Sai roƙo ɗaya, dan Allah kar ki huce a kan direba da matar da ke zama da yaran a baya, wlh mu ma ba daɗi muke ji ba yaro yana kuka a bayanka awa biyu, kuma ita matar ita ce idonki a cikin motar, in kuna shiri za ta faɗa miki daidai inda yake fara rikicewa.

Mai tambaya
Malam na gode Allah ya saka da alheri, ban taɓa sanin akwai wani adadin minti ba. Matar kam tana da kirki, ita ce ma ta ce min wani yaro ne ke ihu a kusa da shi shi ya sa yake cizon hannu.

Anti Balki
To kin ga wannan ma a faɗa a mitin, a canza masa kujera ya dawo gaba. Kafin takardu su fito ga abin da ya taimake ni: abin toshe kunne irin babban nan mai rage ƙara, da wani ɗan abin taunawa na roba da ake rataya musu a wuya, mai koya masa motsa hannu a makaranta za ta san shi ki tambaye ta, sai ya ciji wannan maimakon hannu. Fitsari kuma ki roƙi malama a kai shi bayi dab da za a hau mota ba ƙarfe 2 ba, ki sa wando biyu a jaka. Kar dai ki rage masa ruwa, wata ta ba ni wannan shawarar na bi yaro ya samu taurin bayan gida muka ƙara shiga wata wahalar.

Zee London
Ikon Allah, ashe ko ina da nasa. Mu nan Ingila abin da gwamnati ta shawarta shi ne ɗan firamare kar ya wuce minti 45 a tafiya ɗaya, ɗan sakandare 75, amma yaranmu da ake kaiwa makarantu na musamman sau da yawa suna wucewa don makarantun sun yi nisa. Minti 115 kuwa wa ɗan shekara 7 ai ko babba ya gaji.

Maman Walid Kano
Hmmm ku kuna da inda za ku kai ƙara ma. Ni ɗan adaidaita nake biya duk wata ya kai min nawa mai larurar ji, in ya ga dama ya biya ya ɗebi fasinja. Allah dai ya dafa mana. Amma dan Allah kar ki turo shi gida, ki riƙe abinki.

Abu Hanif
Ni tambaya ce, babansa wane aiki yake? In Uber yake ko tasi me zai hana ya kai shi da safe ko da na wata ɗaya ne, kai tsaye ai bai kamata ya kai rabin wannan lokacin ba, a bar bas ɗin ta dawo da shi da yamma. Ba wai ina ganin laifinsa ba ne amma mu maza mun iya kawo shawarar a cire a kai gida, tashi da asuban ne bamu so.

Mai tambaya
Abu Hanif aikin dare yake, sai wajen 7 yake shigowa. Amma zan gwada yi masa maganar ranar da yake hutu. Wani abin da ban faɗa ba, shi tsoronsa kar yawan ƙorafi ya jawo mana ido, kun gane dai, kuma turancina ba wani mai ƙarfi ba ne, a mitin ɗin bara kai kawai na riƙa gyaɗawa na sa hannu.

Maman Ilham
Na gane sarai. Karatun yaro a makarantar gwamnati bai rataya da takardun iyayensa ba, kotun ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1982, kuma neman a gyara masa mota ba rigima ba ce, iyaye nawa ke yi kullum. Turanci kuma haƙƙinki ne su kawo tafinta kyauta, ki rubuta a imel ɗin cewa kina son mai jin Hausa, ki faɗa da wuri don su nemo ko ta waya ne. Kina iya tafiya da wani naki kuma, ba wanda zai hana. In kin ga abin yana jan ƙafa akwai Advocates for Children da INCLUDEnyc, suna ba iyaye shawara kyauta a kan irin wannan. Sannan ki bincika, ranakun da motar ta makara wane darasi yake rasawa? In lokacin koyon maganarsa ne da safe ki ce a rama masa ko a matsar da shi gaba. Kuma ki shirya ma ranki, in an amince za a iya canza masa mota gaba ɗaya, sabon direba sabuwar mata, kuma ba a rana ɗaya ake yi ba, to ki fara nuna masa a hotuna tun yanzu cewa mota na iya canzawa.

Hajiya Ta Zango
To shikenan tunda akwai hanya, ni ban san da wannan ba a zamanin da na yi nawa renon. Amma ki sa ma ranki iyaka ɗiyata, in an kai hutun watan 2 yaro yana nan yana cizon hannu ki sake tunani.

Mai tambaya
Slm, na dawo da bayani bayan kwana 9. Na tura imel ɗin, sun sa mitin ranar Talata mai zuwa ƙarfe 10 kuma sun ce za su nemo tafinta. Likita ta cike fom ɗin ta rubuta minti 60, na kai jiya. Lambobin ƙorafi ina da guda 5 a littafi. An dawo da shi kujerar gaba, abin kunnen ya ƙi yarda da shi sam yana cirewa ya jefar, amma na taunawar ya karɓa, fitsari sau ɗaya kawai satin nan. Babansa ya kai shi ranar Litinin, minti 40 suka yi, ya dawo yana ta mamaki bai sake zancen gida ba dai har yanzu. Maman Ilham dan Allah in kina da sarari ranar Talata ki duba inbox ɗinki, ina so ki raka ni.