Mu bakwai muke rubuta rahoto ɗaya, kwafi ya yi mana yawa

Sakataren ƙungiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mu bakwai ne ke haɗa rahoton shekara na ƙungiyarmu, wasu a Samaru, wasu a cikin birnin Zariya. Kowa ya gyara sai ya turo ta WhatsApp, yanzu mun rasa wane kwafi ne na ƙarshe. Wace manhaja ce ta dace, kuma ta ina ake farawa?

Mai shagon kwamfuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganin shi ne a daina tura fayil kwata-kwata, takarda ta zauna wuri ɗaya a intanet, kowa ya same ta a can. Mutum ɗaya ya buɗe ta a Google Docs, manhajar rubutu ta Google a intanet, ya danna Share, ya shigar da imel ɗin sauran shidan. Izini iri uku ne: mai karantawa kawai, mai sharhi, da mai gyara. Masu rubutu biyu ko uku sun isa a ba su ikon gyara, saura su tsaya kan sharhi. Kada ku zaɓi wanda ke cewa duk mai linki zai iya gyarawa, domin da zarar linkin ya faɗa wani guruf, baƙo zai iya goge muku shafi guda, ba tare da sunansa ya fito ba.

Shugaba in zai duba, ya koma kan Suggesting, wato tsarin ba da shawarar gyara. Gyaransa zai fito da launi, ba ya shiga rubutun sai an amince.

Malama a Kongo:
Ƙari kan bayanin mai shagon kwamfuta: in wani ya ɓata rubutu, ba a rasa komai ba. A kwamfuta ku shiga File, sannan Version history, za ku ga wa ya canza me da lokacin, ku maido da na baya. Ku riƙa sa wa muhimman matakai suna, kamar "kafin taron kwamiti".

Abin da ya fi cutar da ƙungiyoyi shi ne mallaka. Takardar tana kan asusun Google na wanda ya buɗe ta, cikin gigabait 15 na kyauta da Gmail, Drive (ma'ajiyar fayil) da Google Photos (ma'ajiyar hotuna) ke rabawa. In wurin ya cika, gyara ya tsaya. Ku buɗe asusun Google da sunan ƙungiya tun farko.

Ɗalibi, Samaru:
Batun netwok kuma, a waya ku kunna ajiye takardar don aiki ba intanet tun kuna da data. Amma mutum biyu kada su taɓa sakin layi ɗaya a haka, in an haɗe rubutun yakan cakuɗe. Ku raba babi-babi. In a Word za a buga, ku sauke sau ɗaya a ƙarshe, ku duba tebura da lambobin shafi, sukan goce.