Neman shawara: taron cika shekara 20 da kammala karatu a Samaru

Sakataren kwamitin shirye-shirye:

Assalamu alaikum, yayye da ƙanne na wannan zaure. Ni ne sakataren kwamitin da aka ɗora wa nauyin shirya taron sada zumunta na 'yan ajinmu, waɗanda muka kammala karatu a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a shekarar 2006. A bana muke cika shekara 20 da rabuwa, kuma tun da muka bar Samaru ba mu taɓa haɗuwa gaba ɗaya ba, sai dai mutum biyu ko uku a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya.

Mun samo lambobin mafi yawanmu, mun buɗe zauren WhatsApp, hira tana ta armashi, har ranar da aka taɓo batun wuri da kuɗi. Wasu daga cikin waɗanda Allah ya buɗa wa sun ce a yi taron a babban otal a Abuja ranar Asabar, 26 ga Disamba, 2026, kowa ya ba da naira dubu ɗari da hamsin, ban da kuɗin anko. Tun daga ranar zauren ya yi tsit, waɗanda suka fi kowa barkwanci suka daina magana, mutum biyu ma suka fita ba sallama. Na san dalili, domin da yawa daga cikinmu malaman makaranta ne da malaman gona na ƙananan hukumomi, wasu kuma sana'ar hannu suke yi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shirya irin wannan taro su ba mu shawara a kan wuri, da rana, da yadda za a tara kuɗi ba tare da an kunyata kowa ba, da kuma abin da ya kamata a yi a ranar. Wani ya kawo shawarar mu dasa itatuwa don tarihi, wani kuma ya ce mu gayyato wani ɗan siyasa ya zama babban baƙo.

Wani dattijo, ɗan ajin farkon shekarun 1990:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku mayar da taron nan Zariya, kada ku yi wata-wata. Otal ɗin Abuja ba shi da abin da zai tuna wa ɗayanku, alhali a Samaru wurin da kansa shi ne rabin shirin. Idan kuka taru da safe kuka taka da ƙafa daga tsangayarku zuwa Laburaren Kashim Ibrahim, kuka bi ta gaban ɗakunan kwana na Suleiman da Danfodio da Akenzua, mata kuma suka nuna muku tagoginsu a Amina da Ribadu, za ku ga hira ta ɓarke da kanta ba tare da mai gabatarwa ya sha wahala ba. Ku da kuka yi shekarar aikin gona ta zahiri, ku roƙa a bar ku ku leƙa gonakin da kuka yi noma a cikinsu, sannan ku shiga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar a 1962, ku ga inda aka kwana a kan irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da gyaɗa ta SAMNUT.

Akwai kuma batun malamanku. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyar da ku sun yi ritaya suna zaune a Samaru da Palladan da Hanwa, ƙafa ta yi nauyi, ba za su iya tafiyar Abuja ba. A Zariya kuwa mota ɗaya za ku tura ta ɗauko su ta mayar da su. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban tsangaya tun yanzu, ku nemi izinin ziyara da aron ɗakin taro, ku ba sashen tsaro na jami'a kwafi tare da adadin motocin da kuke sa ran shigarsu. Kada ku aika takardar ta waya kawai, ku naɗa mutum biyu mazauna Zariya su kai ta hannu da hannu, su kuma riƙa bibiya.

Wata Hajiya, ma'aikaciyar banki, tsohuwar ma'ajin ƙungiyar ajinsu:

Malam sakatare, shirun da ka ji a zaurenku amsa ce, kuma ka fahimce ta daidai. Mutumin da yake jiran albashi don ya biya kuɗin makarantar yara ba zai fito gaban tsofaffin abokansa ya ce ba shi da hali ba, zai dai ce aiki ya riƙe shi. Saboda haka ku raba kuɗin gida biyu. Ku sa ɗan ƙaramin kuɗin rajista wanda mafi ƙarancin albashi a cikinku zai iya biya ba tare da ya ci bashi ba, a kuma yarda a biya shi kashi-kashi. Sauran nauyin a buɗe ƙofar gudummawa, mai hali ya ba da gwargwadon abin da Allah ya hore masa, kai tsaye zuwa asusu, ma'aji kaɗai ya sani. Wanda ya ce dubu ɗari da hamsin ba komai ba ce a wurinsa, ga dama ta samu, sai ya ba da ita ko ma ya ninka.

Game da asusun, kada a yi amfani da na mutum ɗaya komai amanarsa, domin ko bai ci ko kwabo ba, ranar da lissafi ya ɗan karkace sunansa ne zai ɓaci, kuma idan ta Allah ta kasance kuɗin jama'a ya shiga cikin gado. Idan kuna son asusu da sunan ƙungiya, banki zai nemi takardar rajista daga hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, rajistar amintattun ƙungiya kuwa tana buƙatar a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, ga kuma kuɗin da za ta ci. In kun ga lokaci ya ƙure, ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, da sharaɗin sai biyu sun sa hannu kuɗi ya fita, rajistar kuma ku bar ta ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da za a tattauna a ranar taro.

Ku tsayar da ranar rufe karɓar kuɗi aƙalla wata ɗaya kafin taro, domin mai abinci da mai kujeru da rumfuna ba sa aiki da alkawari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashi yake tashi tsakanin ranar ciniki da ranar biya, don haka duk abin da kuka daidaita a kai ku ba da kafin alkalami a rubuce, ku karɓi rasit, ku kuma ajiye kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin saboda abin da ba a zata ba, irin su man janareto da ƙarin baƙi. Sannan ku ware wani abu a asirce don kuɗin motar waɗanda ba su da shi. Ba sanarwa ake yi ba, mutum ɗaya mai sirri ne zai kira su ɗaya bayan ɗaya ya ce kwamiti ya tanadi mota.

Wani ɗan kasuwa daga Kano:

Hajiya, ina girmama ƙwarewarki, amma ban yarda da batun ɓoye sunaye ba. Mu mutanenmu idan ba su ga jerin waɗanda suka biya ba, kowa zai naɗe hannu yana jiran wani. Jerin sunaye ne yake zaburar da mai jinkiri.

Hajiya ta sake cewa:

Alhaji, maganarka tana kan hanya, amma akwai tsaka-tsaki. A riƙa fitar da sunayen waɗanda suka tabbatar da zuwansu, ba tare da adadin kuɗi a gaban suna ba, a ƙasa kuma a rubuta jimillar abin da ya shigo da abin da ya rage a cike. Mai jinkiri zai ga abokansa sun shiga ya motsa, wanda aka biya wa rajista a ɓoye kuma sunansa yana nan cikin jeri kamar na kowa. Abin da yake kashe zumunci shi ne a rubuta wane dubu ɗari biyar, wane dubu biyar, a jere.

Wani ɗan'uwa daga Kafanchan:

Ina gaishe ku duka. Ranar 26 ga Disamba kashegarin Kirsimeti ce, kuma yawancin 'yan'uwanku Kiristoci daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suna ƙauyukansu tare da iyali a lokacin, ba wanda zai baro iyayensa ya kamo hanya. Ƙarshen Disamba kuma lokacin bukukuwan aure ne a ko'ina cikin Arewa, kuɗin mota yana tashi, masauki yana wuya, hazo ma yakan sa a soke tashin jirage zuwa Kano da Kaduna. Ina ba da shawarar Asabar, 28 ga Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai tsananta ba, kuma ku manoma kun fi ni sanin cewa kaka ta yi, wanda ya yi noma yana da ɗan abu a hannu. A buɗe taro da addu'ar Musulmi da ta Kirista, a rufe da su, kamar yadda aka saba a harabar jami'a.

Wata 'yar'uwa, malamar sakandare a Gusau:

Malam, ina so in yi magana a madadin mata, domin sau da yawa kwamitin maza ne yake tsara komai, daga baya a yi mamakin rashin zuwanmu. Ku sa mata aƙalla biyu a cikin kwamitin. Ku buga takardar gayyata ta sosai mai ɗauke da jadawalin ranar, a gayyaci kowa tare da mai gidansa ko uwargidansa, saboda matar aure ta fi samun sauƙin neman izini idan ta miƙa takarda a hannu, maimakon ta ce an yi magana a waya. A yi komai da rana, a tanadi wurin alwala da salla na mata daban, a tsaya da azahar.

Anko kuwa ku rage masa nauyi. Atamfa ko shadda da kuɗin ɗinki kaɗai sun isa su hana mutum zuwa. Hula iri ɗaya ga maza da gyale iri ɗaya ga mata, a saye su daga asusu a raba a bakin ƙofa, sun wadatar don hoto. Abinci kuma ku ba masu girki na cikin gari kwangila, a yi waina da miyar taushe, da tuwon shinkafa, da dambu, da gasasshen nama, zai fi araha kuma zai fi shiga rai. Kada ku manta shekaru sun ja, akwai masu ciwon suga da hawan jini a cikinku, don haka a ajiye zoɓo marar sukari da isasshen ruwa, kuma idan akwai ma'aikacin lafiya cikin iyalanku a kafa masa teburi a gefe yana gwada jinin duk mai so.

Wani malamin jami'a, masanin gandun daji:

Dashen itatuwa niyya ce mai kyau, amma ku ɗaliban aikin gona ne, kada a yi muku dariya. Duk abin da aka dasa a ƙarshen Nuwamba a Zariya zai fuskanci kusan wata shida ba ruwan sama, ga iskar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu, ga awaki. Ko dai ku dasa kaɗan, ku kewaye kowanne da waya, ku biya mai ban ruwa har faɗuwar damina, ko kuma ku ajiye kuɗin a yi dashen a watan Yuli. Ni da za a bi tawa, sai in ce ku fara tambayar shugaban tsangaya abin da ɗalibai suka fi buƙata, wataƙila kujeru ne, ko fitilu masu aiki da hasken rana, ko kuɗin rajistar wasu marasa galihu.

Kafin duk wannan ma akwai hakkin 'yan ajinku da suka riga mu gidan gaskiya. Ku tattara sunayensu a karanta a yi musu addu'a, ku nemo iyalansu tun kafin ranar, a kai musu abin da ya sawwaƙa har gida, ba a kira marayu gaban jama'a ana ɗaukar su hoto ba. Batun ɗan siyasa kuwa ku bar shi. Lokacin taronku ya faɗo cikin kakar yaƙin neman zaɓen 2027, duk wanda kuka gayyato zai zo da magoya baya da mawaƙa, ya makara, ya karɓe lasifika, ajinku kuma ya rabu gida biyu. Mafi tsufa a cikin malamanku shi ya fi dacewa da kujerar shugaban taro. Jawabai kada su wuce uku, sauran lokacin a ba kowa minti biyu ya faɗi inda yake da abin da yake yi, domin a nan ne mai neman aiki wa ɗansa da mai neman abokin kasuwanci suke gane juna.

Sakataren ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na kai wa kwamiti shawarwarinku, an amince da Zariya da ranar 28 ga Nuwamba, an rage kuɗin rajista ƙwarai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fita daga zauren ya dawo. Saura batun masauki da tafiya, musamman ga masu tasowa daga Abuja da Sakkwato da Maiduguri.

Wani mazaunin Zariya:

Malam, kada kwamiti ya ɗauki nauyin masaukin kowa, zai cinye asusun. Ku tuntuɓi otal biyu ko uku masu farashi daban-daban, misali otal ɗin taro na Kongo da ƙananan masaukai na Samaru da GRA, ku nemi ragi saboda yawanku, ku fitar da farashin kowa ya zaɓa ya biya da kansa. Mu mazauna gari kuma kowa ya faɗi mutum nawa zai iya saukarwa a gidansa, maza daban, mata daban. Wanda ya sauka a Kongo ya tuna sai ya ratsa gari ta Kwangila kafin ya iso Samaru, don haka ya fito da wuri.

Masu zuwa daga Abuja suna iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Idu ko Kubwa zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna, su yanki tikiti ta intanet da wuri, da lambar katin ɗan ƙasa a hannu. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, sai ku ɗauki hayar bas ɗaya ta jira su a tashar ranar Juma'a. Na Sakkwato da Maiduguri su taso da sassafe, su haɗu a mota ɗaya su raba kuɗin mai. A tashi daga taro da la'asar, na Kano da Kaduna su isa gida kafin magariba, na nesa kuma su kwana su kama hanya ranar Lahadi da safe. Ka turo mini adadin masu buƙatar masauki kafin ƙarshen Oktoba, ni zan zagaya otal-otal ɗin in kawo muku farashi.