Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙaruwar da ɗaya ke zama biyu, biyu huɗu?

Malamin Bayoloji, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna shirya darasin bayoloji na aji ɗaya na babbar sakandare da Hausa, don yara su riƙa bita a gida kafin su koma wa Turancin da za su rubuta WAEC da NECO da shi. Kalmomi biyu sun tsaya mana. Ta farko abin da Turawa ke kira sel, wato 'yan mitsi-mitsin ɓangarorin da jikin mai rai ya ginu da su: wasu na rubuta "ƙwayar halitta", wasu "tantanin halitta". Ta biyu ta fi wuya, wato irin ƙaruwar da bakteriya ke yi, ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas, wadda a Turance ake ce wa eksfonenshiyal. Mun sa "ƙaruwa mai sauri" na wucin gadi, amma ba ta zauna ba. A taimaka.

Malama Mai Lab, Katsina:
Wa alaikumus salam Malam. Ta farkon ba ta da wahala: a ajiye "tantanin halitta" a gefe, a ɗauki "ƙwayar halitta". Tantani fatar nan ce siririya da ke lulluɓe abu, kuma ita kanta ƙwayar tana da nata tantanin, wanda ke tace abin da zai shiga da abin da zai fita. In ka kira ƙwayar duka tantani, da wane suna za ka kira nata tantanin? Ranar gwajin albasa za ka ga rikicin. Yaro zai ɓare tantanin cikin ɓawon albasa, ya shimfiɗa a kan gilashi, ya ɗiga ruwan aidin ɗigo ɗaya, ya kwantar da murfin a karkace don kada iska ta shige. Abin da ya ɓaro tantani ne guda, amma a ƙarƙashin maikuroskof ɗaruruwan ƙwayoyi ne jere reras, kowace da bangonta da cibiyarta da aidin ya rina. Af, a gaya wa yara baƙin zoben nan mai kauri da suke yawan zanawa kumfar iska ce, ba ƙwaya ba.

Baba Tsohon Sufeto, Daura:
Maganar Malama ta yi. Kada wani ya ce a fassara asalin kalmar a ce "ɗaki". Robert Hooke da ya raɗa sunan a Ingila a 1665, ɓawon itacen da ake murfin kwalba da shi ya duba, kuma bangayen matattun ƙwayoyi ya gani wayam, shi ya sa ya ce ɗakuna. Mu da muka zo bayan an san mi ke ciki, ba dole mu gaji wannan suna ba. Damuwata da "ƙwaya" ita ce yawan kayan da ta ɗauka: ta gero, ta ido, ta magani, ta cuta, ga kuma ta 'yan shaye-shaye. Saboda haka a riƙa rubuta ta cikakkiya, ƙwayar halitta, kuma kada a ara wa sinadarin gado wannan suna kamar yadda ake ji a wasu labarai. Kuromosom 46 ɗin nan na ɗan Adam, masu ɗauke da sinadarin gadon, a cikin ƙwayar suke zaune, ba su ne ƙwayar ba.

Malamin Bayoloji:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, an ɗauka. Saura ta biyu.

Malamin Lissafi, Ƙofar Marusa:
Malam, "mai sauri" ba rashin daɗi kawai ke gare ta ba, kuskure ce. A gwada da alƙalami. Kwano biyu: na farko ana zuba masa ƙwayoyi 1,000 duk minti 20. Na biyu an sa masa bakteriya ɗaya tak, irin E. coli, wadda in ta sami abinci da ɗumin jikin mutum takan rabu biyu duk minti 20. Bayan awa ɗaya na farko na da 3,000, na biyu 8. Bayan awa biyu, 6,000 da 64. Bayan awa huɗu, 12,000 da 4,096. Duk wannan lokaci na farko ne "mai sauri". Sai a awa huɗu da minti 40 na biyu ya wuce, 16,384 a kan 14,000. A awa takwas na farko yana 24,000, na biyu ya kai 16,777,216.

To abin da ya raba su ba gudu ba ne. Na farko tari yake, adadi ɗaya ake ɗora masa kullum. Na biyu kuwa abin da zai ƙaru ya danganta da abin da ke akwai, don kowace sabuwar ƙwaya ita ma rabuwa za ta yi. Kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna haka. Ina ba da shawarar "ruɓanya".

Malama Mai Lab:
Ma'anar ta yi daidai Malam, amma ka tuna inda za a yi amfani da ita. A darasi guda za a ce bakteriya na ruɓar da nama, sannan a ce bakteriya sun ruɓanya. Yaro ɗan shekara 15 zai haɗa su ya ɗauka magana ɗaya ce. Na fi son "ninkuwa". Kuma a kula da wani abu: Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga girman jiki da ƙaruwar yawa, mu kuwa muna da biyu. Ƙwaya takan yi girma tukuna, ta kwafi sinadarin gadonta, kwafi biyun su ja gefe-gefe, tsakiyarta ta tsuke, ta rabu. Wannan girma ne sannan rabuwa. Yawan jama'arsu kuma ƙaruwa yake. Kada a rubuta "girman bakteriya" alhali adadinsu ake nufi.

Baba Tsohon Sufeto:
Ai Bahaushe na da ita tun tuni: ninkin-ba-ninki. Mi zai hana?

Malamin Lissafi:
Ranka ya daɗe, tana da daɗin baki, sai dai ta riga ta zama kalmar zuzutawa. Ɗan kasuwa zai ce ya ci riba ninkin-ba-ninki ko da sau ɗaya ya sayar. A darasi muna son wadda za a iya auna ta. Amma za ta yi amfani wajen buɗe bayani kafin a kawo lissafin.

Ga wata tambaya da na san ɗalibi mai kaifin kai zai yi wa "ninkuwa": jama'ar gari ai ba ninkuwa suke duk shekara ba, kashi biyu ko uku cikin ɗari suke ƙaruwa, to ina ninkin? Amsar ita ce duk abin da ke ƙaruwa da kaso ɗaya tsayayye yana da lokacin da zai ninka, kuma lokacin ba ya canzawa. A raba 70 da kason, a sami kimanin shekarun. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8. In aka ɗauka tana ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, 70 a raba 3 ya ba da wajen shekara 23, wato miliyan 11.6 wajen 2029. Da kashi 2 ne, sai shekara 35. Lissafin bakteriya da na mutane ɗaya ne, tazarar ce ta bambanta.

Malama Mai Lab:
To wannan tazarar ma tana son suna, don a asibiti ita ce komai. Ƙwayar tarin fuka takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, shi ya sa in an shuka majina a lab ake jiran makonni, alhali mai sa ciwon fitsari kwana ɗaya ta rufe faranti. Ina ganin "wa'adin ninki".

Kuma Malam, don Allah kada darasin ya tsaya a kan ninkuwa, yara su ɗauka haka ake tafiya har abada. Madarar da aka zuba wa ɗan tsohon nono ta isa misali. Da farko shiru, ƙwayoyin na sabawa da wurin. Sai su shiga ninkuwa suna cin sukarin madarar suna fitar da tsami. Tsamin da ya kama madarar ta yi kindirmo shi ne kuma ke taka musu birki, har masu mutuwa su yi daidai da sababbi, daga baya su rinjaye su. Matakai huɗu ke nan: sabo, ninkuwa, tsayawa, raguwa.

In za a nuna a aji, yis ya fi bakteriya aminci. Gram 10 na sukari a ruwa mililita 100 mai ɗumi, a sa yis ɗan mitsitsi. Ruwan da ya kai digiri 60 zai kashe shi. In an cika yis tun farko ba za a ga ninki ba, don wurin ya riga ya cika, kuma ruwan sukari zalla ba ya kai shi nisa, gara a ƙara ɗan ruwan tsiron dawa da aka tafasa aka tace ya huce. A girgiza kwalbar kafin kowane ɗiba, in ba haka ba sun kwanta a ƙasa, ƙidaya ta fito ƙasa da gaskiya. A kuma faɗa musu shi yis toho yake fitarwa a gefe, ba rabuwa biyu daidai yake ba.

Baba Tsohon Sufeto:
Na janye tawa. Sai dai "ninkuwa" ita kaɗai wani zai ji kamar ninke tufafi. A haɗa ta da ƙaruwa.

Malamin Bayoloji:
Madalla. Ga abin da zan shigar: ƙwayar halitta ga sel, tantanin ƙwaya ga fatar da ta lulluɓe ta, ƙaruwar tari ga ta kwanon farko, ƙaruwar ninki ga ta biyu, wa'adin ninki ga tazarar. Ninkin-ba-ninki za ta shiga gabatarwa, Baba. Malama, a turo mini adadin tsiron dawar da za a sa a mililita 100 kafin Alhamis, ranar za mu kai wa mai buga takardu.