Wace manhaja ce za ta riƙe min alƙawuran ɗinki kafin Sallah?

Tela_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin kan waya ku ba ni shawara. Ni tela ne, ina da shago da yara uku, kuma duk shekara da azumi ya kama sai kaina ya ɗau zafi, wannan ya kawo shadda wancan ya kawo yadi, wani ma ta WhatsApp zai turo awo ya ce ɗan aike na tafe da kaya, ni kuma littafi ɗaya nake rubuta komai, awo da kafin alƙalami da ranar karɓa, to littafin ba ya magana sai ka buɗe shi. Ina son abin da zai riƙa tuna min a waya. Na ji ana cewa Google Calendar, wasu sun ce Todoist. Wanne ya fi, kuma wanda ba ya shan data?

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam maigida. Google Calendar ɗin nan ya ishe ka, kyauta ne, galibin wayoyin Android da shi suke zuwa, kuma ko babu data zai buga maka tunatarwa, in ka kunna data daga baya sai ya adana a Gmail ɗinka, ko wayar ta ɓata bayananka na nan. Amma ga inda mutane ke kuskure, sai su sa ranar karɓa kawai. Ranar karɓa ba ta da amfani in ba ka sa ranar yanka da ranar ɗinki da ranar kai wa mai aikin wuya ba. Misali Alhaji zai karɓi babbar riga ranar Alhamis, to ka sa yanka Asabar, mai aiki Lahadi, haɗawa Talata, guga Laraba, kowanne da kalarsa. Kana buɗe sati ka ga Talata ta cika maƙil ka san ba wurin sabon kaya, tun kwastoma na tsaye za ka faɗa masa gaskiya. Kuma abu ɗaya yana ɗaukar tunatarwa fiye da ɗaya, ka sa ta kwana biyu kafin ranar da ta safiyar ranar.

Todoist na da kyau amma na kyauta an taƙaita shi, manyan jerin aiki biyar kawai zai bar ka ka buɗe. In jerin aiki kake so da yaranka za su gani su ma, Microsoft To Do ya fi maka, kyauta ne gaba ɗaya, kana iya raba jeri da su, yaro ya gama wando ya danna ka gani a wayarka.

Maman_Ilham:
Malam ni kayan mata nake ɗinkawa a gida, gsky kalanda kaɗai bai min ba saboda matsalata ba rana ba ce kawai, atamfar wa ce wannan, leshin wa ye wancan, wani lokaci mutum biyu su kawo zane iri ɗaya sak. Google Keep nake amfani da shi. Ana kawo kaya zan ɗau hoton atamfar da takardar awon, in rubuta suna da abin da aka bayar da abin da ya rage, sai in yi ɗan jeri mai akwatin dannawa, yanka, ɗinki, zif, guga. Wanda ya fi gaggawa in maƙala shi a sama. Kar dai ka yar da littafinka wlh, ranar da aka kwana biyu ba wuta wayar ta mutu shi za ka nema.

Dan_Kasuwa:
Ku yi haƙuri fa amma ni dariya ma abin ya ba ni 😂 Oga tela ko manhaja goma ka sauke in ka karɓi ɗinkin mutum hamsin alhali ƙarfin shagonka talatin ne, waya ba za ta hau keke ta taka maka ba. Mu da muke kwana a shagon tela daren Sallah mun san ba mantuwa ba ce, kar kuɗi ya wuce ne.

Abu_Hanan:
Ɗan kasuwa ai maganata kenan, in ya zuba aikin a kwanaki zai gani da idonsa cewa talatin ɗin ne iyakarsa. Wani abu kuma da na manta maigida, wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don batir ya daɗe, sai lokaci ya yi ka ji shiru. Shiga setin, wajen batir, ka cire kalandar daga waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma tabbatar ka ba shi izinin sanarwa. Sannan a cikin setin ɗin kalandar akwai inda ake ƙara kalanda ta biyu, za ka iya zaɓar Hijira ta riƙa fitowa gefen kwanan watan bature. Sai dai lissafi ne, mu kuma sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, don haka ana iya samun bambancin kwana ɗaya, ka ɗauka azumi 29 za a yi ka gama komai kafin nan. Kuma kar ka sa Sallah ta maimaita kanta duk shekara a rana ɗaya, tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara.

Tela_Fagge:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya shawarar hoton nan ta shige ni sosai. Ɗan kasuwa kai kuma Allah ya shirye ka, ka kawo naka da wuri bana 😄 Abu Hanan tambaya ɗaya, yarana biyu ƙaramar waya gare su mai maɓalli, yaya zan yi da su?

Abu_Hanan:
To su kam sai allo. Sami farin allo da alƙalamin maka ka rataye a shago, duk safiya ka buɗe wayarka ka kwafe musu aikin ranar, wanda ya gama nasa ya goge.