Laktaye ya mutu ne, ko yayi ne ke juyawa?

Kabiru: Jama'a, ku nemo hoton shugabannin G7, ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu arziki, a taronsu na Jamus a 2022. Maza bakwai, Biden, Macron, Scholz da sauransu, ba ko ɗaya da ya ɗaura laktaye. Ni a wajena an riga an yi masa sallah an kai shi makwanci.

Malam Sani Tela: Kai yaro, hoto ɗaya ka gani ka yanke hukunci? Na ga laktaye ya yi ƙiba, na gan shi ya rame, bai mutu ba. A shekarun 1950 zuwa farkon 1960 siriri ake yayi, faɗinsa bai wuce inci 2 ba. Sai wani mai zanen tufafi a Landan, Michael Fish, ya fito da mai faɗin inci 5, kowa ya koma kamar ya rataya tabarmar sallah a ƙirji. Haka aka sha shi har cikin shekarun 1970. Yau kuma ya tsaya wajen inci 3. Faɗin kwalar kwat yake bi: kwala ta buɗe ya buɗe, ta tsuke ya tsuke.

Kabiru: Baba, ai ba faɗi muke magana ba. A da in ba ka ɗaura ba, ba ka shiga ofis. Yanzu fa?

Barista Hauwa: A nan ina bayan Kabiru. A 2017 kakakin majalisar Birtaniya, John Bercow, ya ce ba dole ba ne ɗan majalisa ya ɗaura. A 2021 aka fitar da Rawiri Waititi, ɗan ƙabilar Mawori, daga zauren majalisar Niyu Zilan saboda ya ƙi ɗaurawa, yana cewa igiyar ratayar 'yan mulkin mallaka ce. Ba a yi kwana nawa ba aka soke dokar. Abin da ya mutu tilas ɗin ne.

Isufu Maraɗi: Sannunku. Mu nan karabat muke ce masa, daga Faransanci. Su ma Faransawa aro suka yi: sojojin haya 'yan Kuroshiya ne suka zo musu da ƙyalle a wuya lokacin yaƙin shekara 30, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648, sunan ma daga sunan ƙabilarsu ya fito. Abin da ya shekara kusan 400, Kabiru ne zai binne shi da hoto?

Kabiru: Tsufa ai ba ya hana mutuwa, Malam Isufu, shi ke kawo ta.

Alhaji Bala: Ni shekara 19 na yi ina ɗaura shi a banki, cikin zafin watan Afrilu, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, manaja kuma ya hana a sassauta. Kwalata har ta yi baƙi don gumi. Ranar Juma'a kaɗai nake jin ni mutum ne, da kaftani da hula. To ku ji Japanawa, da suka fi kowa riƙo da kwat: a 2005 gwamnatin Koizumi ta ce ma'aikata su ajiye laktaye lokacin zafi, a bar na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28 don rage shan wuta. Firaministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya roƙi ministocinsa haka a 2022. Masu abin sun ce zafi, mu da rana ke dafawa me muke nema?

Malam Sani Tela: Alhaji, wannan laifin manaja ne. Laktayen kirki ba ya shaƙe mutum, kwalar riga ce ke yin kaɗan. Kuma akwai gwaninta a cikinsa da ba ku gani. A shekarun 1920 wani tela a Niyu Yok, Jesse Langsdorf, ya fara yanka yadin a karkace, ya haɗa shi gida uku, shi ya sa yake sauka sumul ba ya murɗewa. Har gobe haka ake yankansa.

Barista Hauwa: To ɗan ƙaramin nan fa, mai kama da malam-buɗe-littafi? Da na Churchill ne, tsohon firaministan Birtaniya, da tsofaffin farfesoshi. Yanzu ƙanina ango ya ce shi da abokansa duk shi za su ɗaura ranar dina.

Malam Sani Tela: Kin ji ko! Wanda aka ce ya mutu, ga ƙaninsa a gidan biki.

Kabiru: Ranar biki kawai, Baba. Alkyabba ma ana sa ta ranar sallah.

Malam Sani Tela: Ka ji wanda ya ce alkyabba ta mutu? Kai da kanka makon jiya ka aiko a tambaye ni yadda ake ƙullin laktaye irin na Winza, za ka je ganawar neman aiki.

Kabiru: Wannan dole ce ta sa.

Barista Hauwa: Au, ashe tilas ɗin ma da sauransa. Baba, na janye rabin maganata.

Alhaji Bala: Kabiru, kada ka saya. Ina da guda 14 a akwati, masu faɗi da sirara, ka turo yaro ya kwashe.